Yadda Ake Sauraron Waƙar Opera da Waƙar Jaz Har Kunne Ya Kama Daɗinsu

Na sha zaunar da abokai da ɗalibai in kunna musu waƙar opera ta Italiya ko waƙar jaz ta Amurka, kuma kusan kullum abu biyu nake fara ji daga bakinsu. Game da opera sai su ce ihu ne kawai mutumin yake yi, game da jaz kuwa sai su ce mawaƙiyar ta kasa tsayawa a kan kari ɗaya. Ba na ganin laifinsu, domin kowane irin kiɗa yana da inda ake kafa masa kunne, kuma wanda bai san wurin ba zai ji hayaniya ne kawai. Hanyar da zan shimfiɗa a nan ita ce wadda na ga tana aiki, kuma na gina ta a kan waƙoƙi biyu tak. Ta farko ita ce "Nessun dorma" daga opera mai suna Turandot ta Giacomo Puccini, a muryar Luciano Pavarotti, ɗaukar shekarar 1972. Ta biyu ita ce "Mack the Knife" kamar yadda Ella Fitzgerald ta rera ta a gaban jama'a a Berlin ranar 13 ga Fabrairu, 1960.

Kayan da za ka tanada

Abu na farko shi ne abin sauraro na kunne, ko da mai araha ne, muddin ɓangarorinsa biyu suna aiki. Lasifikar waya tana cinye sautin ƙasa gaba ɗaya, alhali babban gogen tsaye da ke riƙe da tafiyar jaz a can yake zaune. Idan babu abin kunnen, ka saka wayar cikin kwano ko tasa mai zurfi wadda babu komai a ciki, sautin zai ɗan yi kauri, ko da yake ba zai kai na kunne ba. Sai takarda da biro, sai kuma kimanin minti 45 da babu mai kiranka, wanda a yawancin gidaje bayan sallar isha'i ko da sassafe ake samunsa.

Abu mafi muhimmanci shi ne ka samo ainihin ɗaukar da na ambata, cikakkiya. Ta Pavarotti ita ce wadda kamfanin Decca ya ɗauka a Landan, Zubin Mehta yana jagorantar makaɗa, kuma ba ta wuce minti uku da wani abu ba. Ta Ella tana cikin faifan Ella in Berlin na kamfanin Verve, tsawonta kimanin minti huɗu da rabi. Ka guji gutsattsarin da ake yaɗawa na daƙiƙa talatin, waɗanda ake yanko ƙololuwar waƙar kawai a jefar da sauran, haka kuma ka guji waɗanda aka ɗora wa sabon kiɗan kwamfuta. Idan data ta yi ƙaranci, ka sauke sautin kaɗai sau ɗaya ka ajiye, domin za ka maimaita kowace waƙa aƙalla sau huɗu, kuma ba ka bukatar hoton bidiyo. A gaskiya ma gara babu shi a farko, saboda ido yana janye hankali daga kunne.

Mataki na 1: Ka san labarin da ke bayan waƙar opera kafin ka kunna ta

Opera wasan kwaikwayo ne da galibi ake rera dukkan maganganunsa, kuma waƙar mutum ɗaya da ake cirowa daga ciki, wadda Italiyawa ke kira ariya, lokaci ne da ɗan wasa yake tsayawa ya faɗi abin da ke zuciyarsa. Wanda ya saurare ta bai san halin da mutumin yake ciki ba kamar wanda ya shigo zance ne a tsakiya.

Ga labarin a taƙaice. A birnin Bejin na ƙasar Sin akwai gimbiya Turandot, wadda ta gindaya wa masu neman aurenta kacici-kacici uku, duk wanda ya faɗi a sare masa kai. Wani yarima baƙo mai suna Calaf ya amsa dukkansu, amma da ya ga ta ƙi amincewa sai ya ba ta dama, ya ce idan ta gano sunansa kafin wayewar gari to ya yarda a kashe shi. Gimbiya ta sa aka yi shela cewa kada kowa ya yi barci a birnin a wannan dare, kuma idan ba a gano sunan ba mutanen gari ne za su mutu. Kalmomin "nessun dorma" ma'anarsu ke nan, kada kowa ya yi barci, kuma Calaf yana maimaita shelar ce shi kaɗai cikin duhu a farkon kashi na uku na wasan. Daga nan ya yi magana da gimbiyar da ba ta wurin, ya ce asirinsa yana kulle a ƙirjinsa, sannan ya umarci dare ya gushe, taurari su faɗi, domin da asuba zai yi nasara.

Puccini ya rasu a 1924 bai ƙarasa wannan opera ba, Franco Alfano ne ya cike ƙarshenta, aka fara nuna ta a gidan La Scala na Milan ranar 25 ga Afrilu, 1926. Jama'ar duniya kuwa da yawa ta hanyar ƙwallon ƙafa suka san waƙar, lokacin da BBC ta yi amfani da wannan ɗauka ta Pavarotti a shirye-shiryenta na gasar cin kofin duniya ta 1990 a Italiya, gasar da Kamaru ta doke Ajantina a wasan farko.

Mataki na 2: Saurare na farko, hannu a naɗe

Ka daidaita ƙarar sautin a farkon waƙar yadda za ka ji ta a hankali amma a fili, sannan kada ka ƙara taɓa shi. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ƙara sauti a farko saboda ya yi ƙasa, sai ƙarshen ya zo ya fasa kunne, mutum ya rage, ta haka ya rushe tazarar da mawallafin ya gina da gangan tsakanin raɗa da kururuwa. Ka saurara daga farko har ƙarshe ba tare da tsayarwa ko rubutu ba. Idan ta ƙare ka rubuta abu ɗaya kawai, wato wurin da ka ji jikinka ya motsa, ko da ba ka san dalili ba.

Mataki na 3: Ka bi numfashin mawaƙin

Wannan shi ne matakin da na fi daɗewa a kansa da kowane mai koyo, domin a nan asirin opera yake. An ƙirƙiro wannan salon rera waƙa ne tun kafin a san makirfo, kuma har yau a manyan gidajen opera mawaƙi yana tsayawa ne da muryarsa tsura, a gabansa ga makaɗa sittin ko fiye, kuma dole wanda ke kujerar ƙarshe ya ji shi. Ba da ƙarfin maƙogwaro yake cin wannan yaƙi ba. Yana tara iska a ƙasan haƙarƙari, ya riƙa sakinta kaɗan-kaɗan, ya buɗe maƙogwaro yadda muryar za ta sami wani ƙyalli mai kama da amon ƙararrawa, wanda shi ne yake ratsa sautin gogen makaɗa ya isa kunne. Abin da sabon mai sauraro ke kira ihu, wannan ƙyallin ne.

Ka sake kunna waƙar, ka ɗora hannu a cikinka. Duk lokacin da Pavarotti ya ja numfashi kai ma ka ja, kuma muddin yana rerawa ka riƙa fitar da iska a hankali ta baki. Za ka ga iskarka ta ƙare alhali shi yana tsakiyar jimla, kuma a nan ne za ka fara gane girman aikin da yake yi. A kan takardarka ka ja ɗan layi a duk inda ya numfasa. Bayan haka ka lura da yadda yake ɗinke sauti da sauti a tsakanin numfashi biyu, babu tsinkewa, kamar mai jan zare daga abawa. Ka lura kuma da ƙaramar rawar da muryar take yi a kan dogon sauti. Wasu suna ɗauka rauni ne ko tsufa, alhali alama ce ta muryar da aka saki ba a shaƙe ta ba, kuma abin dubawa shi ne ko rawar tana tafiya daidai wa daida ko tana tangaɗi.

Bahaushe yana da wata fa'ida a nan da ya kamata ya yi amfani da ita. Kalmomin Italiyanci galibi da wasali suke ƙarewa kamar namu, kuma suna da baƙi mai ruɓanya irin na "hannu" da "sassafe". Ka saurari yadda yake danna harafin da ke tsakiyar kalmar farko, da yadda kowane wasali yake fita tas. Tsabtar lafazi tana cikin abubuwan da suka ɗaukaka wannan mawaƙi.

Mataki na 4: Ka bi ginin waƙar, ka jinkirta zumuɗin ƙololuwa

A saurare na uku ka mai da hankali ga tsari. Yana faɗin kalmomin farko sau biyu, na biyun a can ƙasa, kamar wanda ya ji shela daga nesa yana maimaita ta a ransa. Sai waƙar ta yi ta tafiya a natse har zuwa inda yake maganar asirinsa, inda babban karin da kowa ya sani yake buɗewa. Daga nan sai ya yi shiru, muryoyin mata su taso daga nesa.

Ina roƙonka ka tsaya a kan waɗannan mata. Abin da suke cewa shi ne babu wanda zai san sunansa, kuma su ne za su mutu. Suna rera wannan kuka ne a kan kari mai daɗin nan da shi ya gama rera begensa a kai. A ganina wanda bai ji wannan wuri ba bai ji waƙar ba, domin nasarar da Calaf yake hange tana tafe ne a kan wuyan bayin Allah da ba su san hawa ba ba su san sauka ba, kuma jim kaɗan bayan wannan waƙa wata baiwa mai suna Liù, wadda ta san sunansa, za ta kashe kanta don kada azaba ta sa ta faɗa. Filin ƙwallo ya mai da ita waƙar murna zalla, amma a cikin wasan akwai duhu a ƙarƙashinta.

Sai ƙarshe, inda yake faɗin "vincerò", wato zan yi nasara, sau uku, kowanne sama da na baya. Sautin nan mafi tsayi yana kan gaɓar tsakiya ta kalmar ƙarshe, kuma a rubuce Puccini gajere ya sa shi, mawaƙa ne suka saba tsawaita shi har ya zama al'ada. Abin da za ka auna ba tsawon riƙon kaɗai ba ne. Ka duba ko ya hau sautin kai tsaye ko ya lallaɓo daga ƙasa, ko launin muryar ya canza, ko kuma ya sauko kan sautin ƙarshe da sauran iska a ƙirji.

Mataki na 5: Ka huta, sannan ka canza kunne

Kada ka shiga jaz nan take. Ka tashi ka sha ruwa, ka ba da minti biyar, domin tambayar da za ka yi wa waƙa ta biyu daban ce. A opera hanya a rubuce take, kowane mawaƙi ita zai bi, kai kuma kana duba yadda ya ɗauki kayan. A jaz kuwa kowa a zauren ya riga ya san hanyar, abin jira shi ne inda mawaƙiya za ta kauce mata da yadda za ta dawo. Wanda ya taso yana jin Mamman Shata ba baƙo ba ne a nan, domin ya san yadda kalangu da 'yan amshi suke riƙe waƙa a wuri ɗaya, shi kuma ya riƙa saƙa sababbin baitoci a take gwargwadon wanda ya gani a fili.

Saboda haka dole ka san karin waƙar tsura kafin ka ji yadda Ella ta sarrafa shi. "Mack the Knife" asalinta daga wani wasan waƙa ne na Jamusanci da Kurt Weill ya yi wa kiɗa, Bertolt Brecht ya rubuta kalmominsa, aka fara nuna shi a Berlin a 1928, kuma tana lissafa ta'asar wani ɗan daba ne mai ɓoye wuƙa. Louis Armstrong ya ɗauke ta da Turanci a 1955, ta Bobby Darin kuma ta mamaye kasuwa a 1959. Ka saurari ɗaya daga cikin biyun sau ɗaya har ka iya bin karin da baki a rufe. Idan ba ka same su ba, baitocin farko na Ella sun wadatar, domin a can ba ta yi nisa da asalin ba.

Mataki na 6: Ka nemo bugun, ka manta da muryar na ɗan lokaci

Makaɗa huɗu ne kawai a bayanta a wannan dare: Paul Smith a fiyano, Jim Hall a jita, Wilfred Middlebrooks a babban gogen tsaye da ake tsinka da yatsa, da Gus Johnson a ganguna. Ka kafa kunne a kan gogen, za ka ji yana taku ɗaya bayan ɗaya kamar mai tafiya a ƙasa. Ka ƙirga tare da shi, ɗaya, biyu, uku, huɗu, ka sake komawa ɗaya. Da ka kama ƙirgar, sai ka riƙa buga yatsa a gwiwa a kan biyu da huɗu kawai. Yawancin masu koyo a kan ɗaya da uku suke bugawa, kuma da haka kiɗan yake zama kamar faretin soja, lilonsa ya ɓace. Idan ka rikice, ka nemi ƙaramin sautin faranti biyu na ƙarfe da mai ganga yake haɗawa da ƙafa, domin a kan biyu da huɗu yake rufe su.

Kowane baiti na wannan waƙa ƙirga huɗu ce sau 16. Ka ja layi a takarda duk lokacin da baiti ya cika, za ka kuma lura cewa makaɗan suna ɗaga waƙar sama kaɗan daga baiti zuwa baiti, abin da yake sa zafinta ya riƙa ƙaruwa.

Mataki na 7: Yanzu ka koma ga Ella

Kana riƙe da bugun a yatsa, ka saurari inda take ajiye kalmominta. Wani lokaci tana riga bugun da ɗan ƙiris, wani lokaci tana jinkirtawa har ka ce ta makara, sai ka ga ta sauka daidai a ƙarshen jimla. Wannan ja da saki shi ne ran waƙar jaz, kuma ba a jinsa sai da ma'aunin da ka kafa a mataki na 6. Ka lura kuma cewa ita da makirfo take aiki, saboda haka tana iya yin magana kusa da kunnenka, ta yi dariya, ta shaƙe murya da gangan, abubuwan da mawaƙin opera ba shi da damarsu.

Kafin ta fara, ta gaya wa jama'a cewa tana fata za ta tuna dukkan kalmomin. Baitocin farko sun tafi lafiya, amma a tsakiyar waƙar kalmomin suka ɓace mata. Ka maimaita wannan wuri sau uku ko huɗu, domin shi ne dalilin da ya sa na zaɓi wannan ɗauka. Ba ta tsaya ba, ba ta kuma rasa ko bugu ɗaya ba. Sai ta rera matsalar kanta a kan karin, tana tambayar mene ne baiti na gaba, ta ambaci Darin da Armstrong da suka ɗauki waƙar kafin ita, ta ce ga shi ita da makaɗanta suna ragargaza ta, sannan ta juya muryarta ta koma mai gurnani irin ta Armstrong, tana zuba gaɓoɓi marasa ma'ana kamar ƙaho ne yake busawa. Wannan salon na rera sautuka babu kalmomi shi ake kira sikat, kuma Armstrong, wanda ya ziyarci Najeriya a cikin wannan shekara ta 1960, yana cikin waɗanda suka fara yaɗa shi.

Kuskuren da za ka kiyaye shi ne ɗaukar wannan a matsayin abin dariya kawai. Ka duba takardarka, za ka ga kowane baitin da ta ƙirƙira a take ya cika ƙirgarsa 16 cif, ƙarshen layukan suna da amsa-amo, kuma ta bi makaɗan duk inda suka ɗaga waƙar. Mantuwar gaskiya ce, amma abin da ya cece ta shekaru sama da ashirin ne na aiki a kan dandali. Wannan waƙa da faifan da take ciki sun samo mata lambobin yabon waƙa na Grammy guda biyu. Idan Turancinka bai kai ka bi kalmomin ba, ka bi shewar jama'a da tafinsu, za su nuna maka daidai inda abin ya faru.

Mataki na 8: Ka gwada da wata murya

Kunne ba ya sanin ƙimar abu sai ya sami abin gwadawa. Washegari ka nemo "Nessun dorma" a muryar Franco Corelli ko Jussi Björling, ka ɗauko takardar da ka yi wa alamun numfashi, ka ga inda suka saɓa da Pavarotti. Za ka tarar muryar Corelli ta fi duhu da nauyi, ta Björling kuma tana da wani sanyi mai kama da baƙin ciki, alhali kalmomi da kari duk ɗaya ne. Kada ka yi gaggawar yanke wanda ya fi, ka fara da iya faɗin bambancin da bakinka.

A ɓangaren jaz kuwa ba sai ka je nesa ba. Waƙar da ke biye a faifan na Berlin, "How High the Moon", kusan minti bakwai ce, kuma mafi yawanta sikat ne cikin gudu mai tsanani, inda Ella take tsinto gutsattsarin wasu waƙoƙi tana jefawa a ciki. Ka fara da ƙirga kamar yadda ka yi a mataki na 6, kuma idan gudun ya fi ƙarfin yatsanka ka riƙa buga ɗaya kawai a kowace ƙirga huɗu har sai ka daina ɓacewa. Bayan ta, ka koma ga Turandot ka kunna kashi na uku tun daga muryoyin masu shela, ka bar shi ya wuce "Nessun dorma" ba tare da tsayarwa ba, domin a cikin wasan kiɗan ba ya jiran tafi, kai tsaye yake zarcewa zuwa zuwan fadawa da kamun Liù.